Farar Rigar Naftali

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin Usagek ya ga Naftali Wisabla, ko da bai tambayi sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai furfura a gemu, wanda ke tsayawa a bakin fili da makulli rataye a wuya cikin igiyar ɓawon itace. Makullin asibitin ƙauye ne. Shekara goma sha huɗu yana wuyansa har ya yi masa kanta a ƙirji, kuma a duk tsawon shekarun nan babu ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ba wani mahaluki ko ƙwayar ciwon kai a asibitin.

An haife shi a shekarar da mutanen kwarin suka baje tudu da sanduna da tafin hannu don jirgin 'yan mishan ya sami wurin sauka. Ya yi aji huɗu a makaranta, ya iya karanta Littafi Mai Tsarki yana bin layi da yatsa, daga nan ya koma gonar dankali kamar kowa. Ba jarumi ba ne, ba kuma mai baki ba ne a taro. Abu ɗaya aka san shi da shi, ba ya ɓatar da kayan mutane. In ka ba Naftali ajiyar gatari ka tafi bakin teku neman aiki, ka shekara bakwai, za ka dawo ka tarar da gatarinka ya fi yadda ka bar shi kaifi.

Bakin da Allah ya hana shi kuwa, matarsa Yulince ya ba. Ta haifa masa 'ya'ya shida, biyu suka tsaya: mace da ta yi aure a ƙetaren kogi, da namiji mai suna Yosafat, wanda ya kwaso uban tun daga tsawo har tafiya. Sauran huɗun zawo da zazzaɓi suka ɗauke su, uku daga ciki a hanya, cikin jakar saƙa a bayan uwarsu, don a lokacin asibiti mafi kusa tafiyar kwana uku ce a kan duwatsu. Ba su cika zancen ba. Amma wanda ya san wannan ya san dalilin da ya sa Naftali ya yi abin da ya yi, kuma ni dai ban ga mai hurumin zaginsa ba in ba ita Yulince ba, ta kuwa zage shi son ranta.

Ana nan sai zancen kuɗin Otsus ya hau duwatsu ya iso gare mu. Kuɗi ne da Jakarta ta ce za ta riƙa ware wa ƙasar Papua duk shekara, na musamman, a yi makarantu da asibitoci, wai don mu kamo sauran ƙasa. An daɗe ana jin sunansu a rediyo kafin a ga ko ƙusa. Rannan kawai jirgi ya fara jigilar kwano da siminti, sawu goma sha ɗaya, aka tayar da ɗaki uku a gefen coci, aka shafa musu shuɗin fenti. Wanda ya kawo aikin shi ne Pak Demianus, kamar a ce Malam Demianus, babba a sashen lafiya na gunduma. Ba baƙo ba ne. Ɗan kwarin da ke bayan dutse ne, benci ɗaya suka zauna da Naftali a makarantar mishan, sai dai shi ya wuce gaba, ya yi tumbi, ya koyi sa takalmi sau-ciki.

Ranar buɗewa aka yi gashin duwatsu. Aka ƙona duwatsu har suka yi ja, aka jera su a rami da ciyawa da dankali da ganye da nama. Alade uku aka kashe, mafi girmansu na Naftali ne, wanda Yulince ta yi shekara huɗu tana kiwo. Babu wanda ya roƙe shi. Da hannunsa ya yanko tsokar baya mai kitse ya ɗora a gaban Demianus, kowa na gani. A wajenmu wannan ba kyauta ba ce kawai. Wanda ya ci aladenka a bainar jama'a igiya ta shiga tsakaninku, kuma ko bayan shekara nawa ne sai ya zo da abin da ya kai shi ko ya fi shi. Naftali ba alade yake so a mayar masa ba. Malamin asibiti yake so, mai allura, wanda zai kwana a Usagek ya tashi a Usagek.

Da aka gama ci, Demianus ya rataya masa makulli, aka tafa. Sannan ya jawo shi gefe, ya buɗe jaka ya fito da farar riga a cikin leda.

"Ɗan'uwa, ɗan taimake ni. Malamin da muka ɗauka muku yana nan tafe, takardunsa ne suka maƙale. To su can sama sai sun ga hoton asibiti da ma'aikaci a ƙofa suke sakin kuɗin magani. Ka sa wannan ka tsaya, minti ɗaya."

"Ni ai ban san komai ba a aikin."

"Wa ya ce ka yi aiki? Tsayuwa ce. Ko tsayuwar ma ba ka iya ba?"

Aka yi dariya. Naftali ya zura rigar, hannuwanta suka rufe masa yatsu, aka rataya masa robar sauraren ƙirji, aka ɗauka. Jirgi ya tashi kafin gajimare ya rufe bakin kwari. Da yamma Yulince ta tono dankali daga toka ta miƙa masa ta ce, "Likita, ga abincinka. A duba mana shi, na ji jikinsa da zafi." Daga ranar sunan ya bi shi.

Malamin asibiti bai zo ba a watan, bai zo ba a shekarar. Wanda ya zo shi ne Demianus, bayan shekara cif, da gwangwanin fenti biyu da mai ɗaukar hoto. Aka shafe bangon gaba aka bar sauran ukun, tunda hoto ba ya zagayawa baya. Aka sake gashin duwatsu, Naftali ya sake tsayawa. Haka abin ya zama al'ada kamar Kirsimeti, har kowa ya san in an ga fenti za a ci nama. Bangon gaba ya yi ta kauri, na baya ya yi gansakuka, aladu suna sosa jiki a kansa.

Abin da ke cikin asibitin ba shi da yawa: gadon ƙarfe ɗaya, sikelin auna jarirai, kabad babu komai, sai firji wanda bai taɓa ganin wuta ba. A cikin firjin Naftali ke ajiye rigar saboda ɓeraye. Duk Asabar yakan buɗe ƙofa ya share ɗakunan uku, ya goge sikeli, ya sare ciyawar bakin ƙofa, ya kulle. Ba a biyansa ko rufiya ɗaya. In an tambaye shi wahalar me yake yi, sai ya ce kada mutumin ya zo ya tarar da datti ya ce ba a shirya masa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutanen ƙauyukan nesa da suka ji labarin Usagek ta yi asibiti. Sukan zo ɗauke da mara lafiya a kan itace, kwana biyu a hanya, su tambayi gidan likita, a nuna musu bukkarsa. Sai ya fito ya gaya musu gaskiya, ya ba su wuri kusa da wuta, ya yi musu addu'a. Wasu su koma da mutuminsu, wasu su binne shi a nan su koma.

A shekara ta tara dama ta zo masa har gida, ya sa ƙafa ya shure ta. An turo mai binciken ayyuka daga Jakarta, wani siririn mutumin Java mai suna Pak Wiratmo, wanda ya sauko daga jirgi fuskarsa kamar toka saboda amai. Minti arba'in matuƙi ya ba shi. Tun kafin ya gama kurkure baki Demianus ya raɗa wa Naftali cewa in mutumin nan ya rubuta babu kowa a asibiti, soke shi za a yi daga takarda, ba malami ba magani har abada, shi kuma Demianus sai gidan yari.

Mai binciken ya auna bango, ya ƙirga tagogi, ya buɗe kabad ya rufe. Ba wawa ba ne. Ya dubi ƙafafun Naftali a ƙarƙashin farar riga, ba takalmi, duk kaushi da faso, ya daɗe yana duba. Sannan ya ja shi bayan gini, wajen gansakukar, inda babu mai jin su, ya kira shi Bapa, wato baba.

"Bapa, ni aikina ke nan, in ga abin da ba daidai ba in rubuta. Gaya mini tsakaninka da Allah. Kai ne malamin asibitin nan?"

Daga inda suke Naftali na hango Demianus zaune a kan ciyawa da ƙashin haƙarƙari a hannu, maiƙo har haɓa. Karo na huɗu ke nan yana cin aladen gidan Naftali. A tona wa mutum asiri a gaban baƙo, namanka yana bakinsa? Ba a yi. Ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Kuma igiyar da aka yi shekara tara ana murzawa, a tsinke ta yanzu a tashi a tutar babu?

"Ni ne," in ji shi.

Pak Wiratmo ya sake duban ƙafafun. Can a fili matuƙi ya tayar da inji. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo takarda da biro, Naftali ya rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi, kamar yadda aka koya masa.

Ranar Yulince ba ta tsokane shi ba, da haka ya san ranta ya ɓaci. Ta bari sai da suka shiga gona washegari.

"Mutum ya ƙetaro teku ya tambaye ka gaskiya, ka damƙa masa ƙarya ya tafi da ita."

"Demianus ya ci namanmu. Dole ya biya."

"Ya ci na huɗu, zai ci na biyar. Kai a ganinka igiya ka ɗaura masa. Sunkuya ka duba a ƙafar wa take."

Ya ci gaba da tono. Na biyar ɗin kuwa an ci shi bayan shekara biyu.

Tarin ya fara mata shekara huɗu bayan zuwan mai bincike. Da farko an ce hayaƙin bukka ne, don wace mace ce a nan ba ta tari? Sai ta fara ramewa. Jakar dankalin da take haurawa tudu da ita ba hutu ta koma sai ta sauke sau uku. Ranar da ta tofa jini a kan ganye ta yi maza ta sa ƙafa ta take, amma ya riga ya gani. Coci ta yi karo-karo, 'yarsu ta sayar da aladenta, aka sama musu wurin mutum biyu a jirgi zuwa hedikwatar gunduma.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka gwada kakinta, aka ce tarin fuka ne, kuma irin mai taurin kai. Yana warkewa, in ji likita, amma sai an yi watanni ana allura kullum ana shan ƙwayoyi a gaban ma'aikaci, ba fashi ko na rana ɗaya. Akwai wani dogon ɗaki a bayan asibitin, shi ma da kuɗin Otsus aka gina shi, gado goma sha biyu, don mutanen duwatsu waɗanda babu ma'aikacin lafiya a ƙauyensu. A nan suke zama har su gama magani, ana ba su shinkafa. Naftali ya leƙa ya ga gado biyu babu kowa. Ya dawo da sauri ya gaya wa Yulince, har ya zaɓa mata na kusa da taga. Rabonsa da farin ciki irin na ranar har ya manta.

Mai rubuta sunayen masu shiga ɗakin wata nas ce, Suster Marice, ba ta fi sa'ar 'yarsu ba.

"Mama daga wane ƙauye?"

"Usagek."

Ta danna kwamfuta, ta ɗan jira. "A'a, ku ai kun huta. Usagek akwai asibiti da ma'aikaci. Za mu haɗa muku maganin wata biyu ku kai masa, shi zai riƙa yi wa Mama allura a gida. In ya ƙare ya aiko da rahoto a ƙara."

"'Yata, babu kowa a can," in ji Naftali. "Ginin ne kawai."

"Bapa, ga shi a rubuce. Har masu bincike sun je sun tabbatar." Ta juyo musu da fuskar kwamfutar. "Ga ma hotonsa."

Shuɗin bango ne, sabon fenti yana ƙyalli. A bakin ƙofa ga wani gajeren mutum cikin farar riga mai dogayen hannuwa. An yanke hoton daga gwiwa, ba a ganin ƙafa. Suster Marice ta dubi hoton, ta dubi mutumin da ke gabanta, ta dubi makullin da ke wuyansa. Yulince ce ta fashe da dariya, dariyar ta koma tari, sai da aka riƙe ta.

"Ka gani ko, Likita? Har nan an san da zamanka."

Ya yi bayani, tun daga alade na farko. Nas ɗin ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, don ba muguwa ba ce. Amma ta ce ba ta da ikon ba da gado ga ƙauyen da takarda ta ce yana da ma'aikaci. Ko ta rubuta, na'urar ba za ta karɓa ba, kuma ita za a tuhuma. Hanya ɗaya ce, sashen lafiya ya ba da wasiƙa cewa asibitin Usagek babu kowa. Layi biyu ya isa. Mai sa wa irin wannan wasiƙa hannu kuwa Pak Demianus ne.

Da jin haka hankalin Naftali ya kwanta. Shekara goma sha uku yana ajiya a wurin mutumin nan, yau ranar karɓa ta zo.

Kwana uku yana zarya a ofis, ana ce masa Pak yana taro, Pak ya fita. A rana ta huɗu ya bi shi gida. Gidan bene ne, da mota biyu, da daɓe mai santsi da ya sa ya riƙa takawa kamar mai tsallaka kogi. Demianus ya rungume shi, ya sa aka kawo shayi mai madara da biskit, ya tambayi lafiyar mutanen Usagek kowa da sunansa, har ya share hawaye da ya ji halin da Yulince ke ciki. Na kuma yarda hawayen gaske ne, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

"Wasiƙa nake so," in ji Naftali. "Layi biyu."

"Ɗan'uwa, ka san abin da kake roƙo? In na rubuta babu kowa, to albashin shekara goma sha uku wa ya karɓa? Kuɗin maganin fa? Kada ka ga gidan nan ka ce ni kaɗai na ci. Akwai na sama da ni, akwai na samansu, akwai waɗanda suka yi wahalar zaɓe, ga dangi nan cike da tsakar gida, kowa ya sauko daga dutse nan zai kwana nan zai ci. Zare ɗaya za ka ja, duk jakar ta warware. Kuma kai ma kana ciki. Wa ya sa hannu a takardar mai bincike? Sojan gona laifi ne, ɗauri ne. Wa zai yi jinyar Mama in an kulle ka?"

"Ka ci aladena biyar, Demianus."

Rabonsa da kiran sunan haka gatsal tun suna benci ɗaya. Demianus ya sunkuyar da kai.

"Na ci. Ban manta ba. Ni ɗan duwatsu ne, ban zama mutumin banza ba tukuna."

Ya tashi ya yi kira ta taga. Can sai ga mutum biyu sun jawo alade daga bayan gida, fari, irin na bakin teku, ƙato, wanda ba a taɓa ganin mai girmansa a Usagek ba. Dangin Demianus da ke zaune a tsakar gida suka taso suka kewaye, mutum ya fi talatin. A gabansu ya ɗauki igiyar ya sa a hannun Naftali, ya ɗaga murya ya ce wannan ya kai biyar ɗin, ko akwai mai musu? Babu mai musu. Ya kai, har da rara.

Naftali ya tsaya da igiya a hannu. A ƙi karɓar alade a gaban dangin mutum, faɗa ke nan tsakanin kwari biyu, irin wanda ake gadar wa jikoki. Ya karɓa. Da karɓarsa kuwa magana ta ƙare, Demianus ba ya riƙe da komai nasa. Har kuɗin jirgi ya biya musu, su uku.

Haka suka koma, Yulince kwance a ƙasan jirgi a kan buhunan shinkafa, aladen ɗaure cikin raga kusa da kanta yana kuka, Naftali rungume da kwalin magani. Da suka ratsa bakin kwari ta buɗe ido ta dubi dabbar ta ce, "Wannan ne malamin asibitin da aka yi mana alkawari? Lallai ya ci albashi."

Kafin su taso Suster Marice ta ja Naftali gefe ta nuna masa yadda ake allura a jikin lemo, sau uku. Da wannan ilmin ya fara aiki. Ya kai Yulince asibitin, ya shimfiɗa mata ciyawa da bargo a gadon ƙarfe, ita ce mara lafiya ta farko da ta kwanta a ciki. Kullum da hantsi yakan tafasa ruwa, ya wanke hannu, ya fasa kwalba. Wata rana ya dace, wata rana ya soki ƙashi. Cinyarta ta kumbura ta tara ruwa. Ba ta taɓa yin ƙara ba, sai dai ta ce, "A hankali, Likita, ni ba lemo ba ce."

Ta ɗan ji sauƙi a wata na biyu, har takan zauna a rana tana saƙa jaka. Sai magani ya ƙare. Ya rubuta wasiƙa da hannunsa ya ba matuƙi. Amsa ta dawo cewa sai da rahoton ma'aikaci a kan takardar hukuma, da lambarsa ta aiki, da hatimi. Ya sake rubutawa. Ya rubuta wa Demianus, shiru. Aka shiga watannin gajimare, jirgi ya yi mako biyar bai sauka ba. Tarin ya dawo, ya fi na da.

Wata Asabar yana shara ta kira shi. Muryarta ta yi ƙasa, sai ya matso yake ji.

"Buɗe firjin nan. Kawo rigar."

Ya kawo. Ta shafa ta da yatsu, ta ce sanyi take ji, ya lulluɓa mata.

"In na tafi da ita za ka naɗe ni. Shekara goma sha uku tana cin aladuna. Ko sau ɗaya dai ta taɓa jikin mara lafiya."

"Bar wannan zance."

"Kuma in ta shiga ƙasa ka huta. Ba riga, ba tsayuwa. Ka ji ni, Naftali?"

Tun ranar da aka buɗe asibitin ba ta sake kiransa da sunansa ba sai yau. Ya ce ya ji.

Ta rasu ranar Talata da hantsi, daidai lokacin da yakan yi mata allura. Aka naɗe ta da farar rigar kamar yadda ta ce, Yosafat ya haƙa kabarin. Farin aladen Demianus aka kashe wa masu zaman makoki, ya ishi kowa har da na ƙetaren kogi, ana ta yabon kitsensa. Naftali bai ci ba. A bakin kabari ya so ya cire makullin ya jefa, hannunsa ya kai wuya ya tsaya. Kayan mutane ne.

Bayan wata bakwai jirgi ya sauka da gwangwanin fenti biyu. Demianus bai zo ba, an ƙara masa girma ya koma bakin teku. Wani sabon jami'i aka turo, mai fara'a da ladabi. Aka shafe bangon gaba, aka ƙona duwatsu, aka rufe rami. Jami'in ya tarar da Naftali zaune a gefen coci, ya rusuna ya gaishe shi.

"Bapa Naftali ko? An ce kai ke tsayawa."

"Rigar tana ƙasa. Na binne matata da ita."

"Ayya. Allah ya ba da haƙuri, Bapa. Amma ba komai." Ya buɗe jaka ya fito da wata, fara fat, cikin leda. "Ai duk shekara akwai kuɗin sabuwa a kasafi. Bana dai na ce bari a sayo."

Naftali ya miƙe. Mutumin da bai taɓa magana a taro ba, ranar ya yi. Ya gaya wa Usagek labarin dogon ɗaki mai gado goma sha biyu, da gadon kusa da taga, da hoton da aka juyo masa. Ya ce muddin hoton nan yana can, duk wanda tari ya kama a ƙauyen nan gida za a koro shi ya mutu. Ya ce shi ya tsaya sau goma sha uku, ba zai ƙara ba. Da ya kai ƙarshe ya koma ya zauna. Jama'a suka sunkuyar da kai, don kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Jami'in bai yi musu ba. Ya ce shi bai san wannan ba, kuma abin ya taɓa shi. Sai dai bana da gaske za a ɗauki sababbin ma'aikata, ya ga takardar da idonsa, amma asibitocin da ke cikin jerin masu aiki kaɗai za a ba. In babu hoto, sunan Usagek zai fita daga jerin, kuma shi bai taɓa ganin sunan da ya fita ya koma ba. Ya dubi agogo, ya dubi gajimaren da ke taruwa a bakin kwari.

Ƙanshin nama yana fitowa daga rami. Mai gari, tsoho Elius, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce a hankali, "Wataƙila bana ne, Naftali."

"Haka na ce sau goma sha uku, Bapa."

Sai wani ya taso daga cikin maza, ya zo ya karɓi ledar daga hannun jami'in. Yosafat ne. Matarsa na zaune cikin mata da ciki wata bakwai, ɗansu na fari kuwa bara waccan aka binne shi. Bai dubi ubansa ba. Ya yage leda, ya zura rigar, hannuwanta suka rufe masa yatsu. Mai ɗaukar hoto ya leƙa ta cikin na'urarsa ya yi murmushi, ya ce kai, kamarsu ɗaya, ba ma sai an canza komai a takarda ba.

Aka ɗauka daga gwiwa. Aka buɗe rami aka ci nama, jirgi ya tashi kafin gajimare ya rufe.

Da mutane suka watse Naftali na nan zaune inda yake. Yosafat ya zo ya tsaya a gabansa da rigar a ninke a hannu.

"Bapa, ina ake ajiye ta?"

Naftali ya dubi ɗansa. Ya sa hannu a wuya ya ciro makullin, ya tashi ya nufi ƙofa.

"A firji," in ji shi. "Saboda ɓeraye."